Kofin Ruwa a Tsakiyar Harra

Ranar da Rumasa'u ta fara ganin Mukhtaru, ƙafafunsa kawai ta gani.

Sun leƙo ne daga ƙarƙashin wata tsohuwar motar soja da ta toshe bakin lungunsu a unguwar Utaibiyya ta Makka. A shekarun nan ne motoci suka fara ƙwace wa raƙuma aikin kai alhazai Madina, amma ko a cikin motocin ba a taɓa ganin irin wannan ba. An kafa mata ɗakin katako a baya, da ƙofa, da taga, har da labule.

Rumasa'u na ɗauke da tiren gurasa daga gidan gashi, rana na dukanta. Ta ɗauka wani ɗan Yaman ne, don haka ta yi ƙunƙuni da Hausa abinta.

“Wannan wane irin sakarai ne zai zo ya gina gida a kan hanyar mutane?”

Sai ƙafafun suka motsa.

“Sakaran na nan ƙasa, Hajiya. Ki ɗan yi haƙuri, yanzu zai fito ya ba da hanya.”

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Rumasa'u ta shige da tirenta. Ya fito, dogo, baƙi, goshi duk man inji, yana dariya da dukkan haƙoransa. Ta ja mayafi ta rufe fuska, amma ta makara. Ya gani, ita ma ta gani.

“Ashe ana jin Hausa a Makka har da zagi,” ya ce.

“Ni ban zagi kowa ba.”

“To na gode da yabon.”

Ta wuce ta gefen bango da sauri. Da ta isa gida aka ƙirga gurasa aka ga babu ɗaya, ta ce wai kuliya ce ta fizge. Kuliyar dai doguwa ce, kuma ta iya tuƙi.

Mukhtaru ɗan ƙasar Katsina ne. Ya taso da iyayensa da ƙafa suna neman Makka, suka daɗe a Sudan suna noman auduga, can ya binne su duka biyun, can kuma ya koyi mota. Shi kaɗai ya ƙetaro teku. Wannan motar ita ce sana'arsa, ita ce kuma gidansa.

Rumasa'u kuwa a Makka aka haife ta, haka ubanta Hashimu mai shagon turare. Hashimu Larabci yake ci, Larabci yake sha, Hausa sai in zai yi magana da tsohuwarsa Ummulkhairi, wadda duk gidan ke kira Sitti. Uwar Rumasa'u ta daɗe da rasuwa, Sitti ce ta raine ta, kuma a bakinta ta tsinci Hausar da zagin.

Motar nan da aka ce yanzu za ta ba da hanya, sai ta kama lalacewa a bakin lungun duk bayan kwana kaɗan. Maƙwabciyarsu Sa'adatu mai ɗinki, wadda ba ta taɓa barin zance ya kwana a cikinta ba, ita ta zama 'yar aike. Ta haddace saƙo a nan, ta juye shi a can, ta ƙara gishiri a hanya.

“Ya ce a gaya miki: 'Ruma, na bi hanya daga Katsina har nan ban ɓata ba, sai a lungunku na rasa gabas.'”

Rumasa'u ta rufe baki tana dariya. “Ki ce masa: 'Baƙo, gabas na nan inda take. Ka gyara motarka.'”

“Ya ce: 'Motar lafiyarta lau. Mai motar ne ba lafiya.'”

“Ki ce masa Allah ya sawwaƙe.” Sannan ta kamo gefen zanen Sa'adatu. “Ki ce kuma ya daina zama cikin rana ba hula.”

Da zance ya kai kunnen Hashimu, sai ya ce a kira masa yaron ya gan shi. Rumasa'u ta daka gahwa da hannunta, ta sa hel mai yawa, ƙwayar nan mai sa gahwa ƙamshi, ta laɓe bayan ƙofa.

Mukhtaru ya tuɓe takalmi tun daga bakin titi. Ya shigo a sunkuye, ya ƙi hawa kan shimfiɗa, ya durƙusa can jikin ƙofa. Hashimu ya zuba gahwa a finjali ya miƙa masa da hannunsa.

“Tafaddal, ya waladi.”

“Alhamdulillahi, Baba.”

“Karɓi mana.”

“Alhamdulillahi.”

Hannun Hashimu ya tsaya a sama da finjali har gahwar ta huce. A Makka, ka shiga gidan mutum ka ƙi gahwarsa, ka ce masa ke nan akwai gaba a tsakaninku. Ya ajiye finjalin a hankali, ya ce an gama magana.

Da dare ya yi ya gaya wa 'yarsa a taƙaice. “Ba gida, ba dangi, duk wannan zan iya haɗiyewa. Amma wanda ya raina gahwata ba zai ɗauki 'yata ba. Ga Tijjani nan.”

Tijjani ɗan ƙanensa ne, magatakarda a wurin wani mai yi wa alhazai jagora. Ba mugun mutum ba ne, Allah ya sani. Aibinsa biyu, surutu da ci.

Rumasa'u ta aika Sa'adatu da tambaya ɗaya: don me bai sha ba? Amsar da ta dawo ta fi tambayar ɗaure kai.

“Ya ce: 'Haba Ruma, ai kin sani.'”

Ita kuwa ba ta sani ba. Sa'adatu ma haifaffiyar Makka ce, ta juya zancen ta kowace fuska ba ta ga kansa ba.

Ana cikin haka bazara ta shigo, irin wadda duk mai hali ke gudu Ɗa'if kan tsauni neman sanyi. Sitti ta kwanta ciwo. Zazzaɓi ya sauka ya dawo, ta rame har zobenta na zamewa. Wata safiya ta kira ɗanta.

“Hashimu, ka kai ni Madina in yi ziyara. Ina jin ba zan ga sanyi ba.”

“Ummi, a wannan zafin?”

“Kuma ta hanyar cikin ƙasa, wadda na bi da ubanka a kan raƙumi. Ba na son ta bakin teku.”

Tsohuwar ko zama ba ta iyawa, balle ta hau bencin motar alhazai. A duk Makka mota ɗaya ce mai gado a ciki. Hashimu ya zagaya, ya tambaya, ya sake zagayawa, a ƙarshe ya aika wa Mukhtaru ta bakin Tijjani cewa ana son direban haya. Direban haya kawai, ya nanata.

Haka suka tashi. Sitti a kan gado, Rumasa'u a gefenta da mafici, da risho da tukwane an ɗaure a kusurwa. A gaba kuma Mukhtaru a sitiyari, Hashimu a kusa da shi fuska a murtuke, Tijjani a jikin ƙofa yana ɓare gyaɗa. Tsakanin gaba da ɗakin akwai 'yar taga kamar tafin hannu biyu. Ta nan Rumasa'u ke ganin ƙeyar Mukhtaru, kuma ita ke nan rabonta.

Farkon tafiyar da sauƙi. Akwai rumfunan gahwa a hanya. Duk inda aka tsaya, Mukhtaru sai ya ɓace bayan rumfa, ya dawo yana goge baki. In Rumasa'u ta dafa shinkafa da adas, ɗan waken nan na Larabawa, aka shimfiɗa tabarma, Hashimu don kada a ce ya yi rowa sai ya ɗaga murya.

“Ya sawwag, kai direba, zo ka ci.”

“Alhamdulillahi, Baba.”

Tijjani ya jawo kwanon gabansa, ya dubi baffansa. “Ammi, bar shi. Waɗannan sababbin zuwan gani suke mu mun bar asali. Abincin Larabawan rumfa yana ci, na gidanmu ne ba ya so.”

Rumasa'u na ji daga cikin labule. Ita ta tsince shinkafar nan tsaba tsaba, tana tunanin bakin da za ta shiga. Ta juya ta fuskanci bango don kada Sitti ta ga idonta, ko da yake Sitti ba ta ganin komai, barcin zazzaɓi kawai take yi.

Sannan rumfuna suka ƙare, suka shiga harra.

Wanda bai ga harra ba, ba zai gane ba. Ƙasa ce baƙa ƙirin, duwatsu zube iyakar ganin ido, kamar an yi gobara a duniya an share mutane an bar gawayi. Can nesa tsaunuka masu baki a buɗe kamar tukunya, waɗanda aka ce a zamanin da wuta suka yi ta amai. Ba itace, ba tsuntsu, ba inuwar da za ta rufe akuya. Duwatsun da kaifi, ba a bin su da duhu sai a yanka taya, dole sai da rana. Iska kuwa in ta bugo, sai ka ce an buɗe bakin tanda.

A nan Hashimu ya karɓi ruwa a hannunsa, kamar yadda babban tafiya ke yi. Salkunan suna ƙarƙashin ƙafarsa in ana tafiya, suna ƙarƙashin kansa in an kwanta, tun da ya kama Tijjani yana yi wa ɗaya sumba. Kowa kofi kofi, daga hannunsa, a sha a gabansa a mayar da kofi.

Ya ba Rumasa'u na Sitti da nata. Ya ba Tijjani. Ya cika ya miƙa wa Mukhtaru.

“Alhamdulillahi, Baba.”

“Azumi kake?”

Da Mukhtaru maƙaryaci ne da ya huta. Ya sunkuyar da kai. “A'a, Baba.”

“Tayyib.” Hashimu ya mayar da ruwan cikin salka a fusace.

Rumasa'u ta lura da yadda yake rayuwa. In ya tsaya zuba ruwa a lagireto daga garwar mota, sai ya zagaya ta gaba ya ɗan kurɓi wannan ruwan mai tsatsa. Amma motar na tafasa kamar tukunyar biki, kuma garwar sai ƙasa take yi. Da ta kusa ƙarewa ya daina kurɓa, ya bar wa motar.

Ta rasa yadda za ta yi. Ta faɗa wa ubanta me? Budurwa ba ta buɗe baki ta yi wa uba zancen saurayin da ya kora. Ta miƙa masa ta taga? Kafaɗar Hashimu na nan jikin tagar. Da asuba ta faki idon ubanta ta juye rabin ruwanta a wani kofin girki, ta lallaɓa ta ajiye bayan tayar baya inda zai zo dubawa. Ta koma ta leƙa ta labule tana addu'a. Tijjani ne ya zagayo kama ruwa, ya ga kofi, ya duba hagu ya duba dama, ya ɗaga kai ya shanye, har da hamdala.

Rannan da hantsi taya ta fashe. Hashimu da Tijjani suka tsuguna a ɗan siririn inuwar gefen mota. Mukhtaru na kwance tayar daidai ƙarƙashin tagar ɗaki. Rumasa'u ta matso da bakinta jikin katako.

“Baƙo.”

Ya ɗago. Leɓɓansa sun tsattsage, idanunsa sun faɗa.

“Ruma.” Muryar kamar ana jan busasshen ganye a ƙasa.

“Me muka yi maka? Abincina ka ƙi, ruwan ubana ka ƙi. In ka fasa ne ka faɗa mini, amma ka sha ruwa. Wallahi na yarda ka fasa, ka sha.”

“In fasa? Ruma, ai don ban fasa ba ne.”

“Ban gane ba.”

“Haba hasken idona, kin fi kowa sani.”

“Ban sani ba! Na rantse ban sani ba!”

Ya buɗe baki ke nan, Hashimu ya yi gyaran murya daga gefe. “Ya bint, da wa kike magana?”

“Da Sitti, Abuya.”

Ta koma ta zauna, ta ɗauki mafici tana yi wa tsohuwa fifita, hawaye na sauka a kan hannunta.

Rana ta take tsaka suna tsakiyar wani fili da ba farko ba ƙarshe. Ta taga Rumasa'u ta ga ƙeyar Mukhtaru ta bushe, ko ɗigon gumi babu. Ta ga kansa na rinjaya yana dawowa. Motar ta rage gudu, ta rage, ta tsaya cak. Ya ja birki da kyau, ya kashe inji, ya buɗe ƙofa ya sauka a hankali kamar mai tsoron tada wani. Ya taka zuwa bayan mota. Sai ta ji faɗuwarsa a kan duwatsu.

Ba ta san lokacin da ta diro ba, ba takalmi.

“Abuya! Abuya!”

Suka jawo shi ƙarƙashin mota inda ke da 'yar inuwa. Jikinsa zafi kamar dutsen guga. Hashimu ya duba gabas ya duba yamma, babu ko ƙurar wata mota. Wannan hanya a bazara, sai a daɗe ba wanda ya bi.

“Ni zan tuƙa,” in ji Tijjani. “Ai ina kallon yadda yake yi.”

Ya hau. Motar ta yi tari, ta yi tsalle ɗaya kamar akuyar da aka tsikara, ta mutu. Ya sauko ya zauna a ƙasa ya fara salati.

Hashimu ya cika kofi, ya durƙusa, ya tallafo kan Mukhtaru. Ya yayyafa masa a fuska. Idanun suka buɗe kaɗan, suka ga kofi, suka bi hannun har zuwa fuskar mai hannun. Sai bawan Allahn nan ya damƙe baki, ya kau da kai, yana ta kokawar tashi ya durƙusa.

Hashimu ya miƙe tsaye.

“Kun gani? Kun gani? Ya fi son mutuwa a kan ruwana! Me na yi masa? Na kashe masa wani ne? Zai mutu, ya kashe uwata, ya kashe 'yata, don kawai kada ya sha daga hannuna!”

Rumasa'u ta duba ubanta, ta duba Mukhtaru. Ta koma cikin ɗakin da gudu ta faɗa kan tsohuwa tana girgiza ta.

“Sitti, ki tashi! Don Allah ki tashi, zai mutu!”

Sitti ta buɗe ido da ƙyar. “Wa zai mutu? Ai ni ce a layi.”

“Direban, Sitti. Ya ƙi shan ruwa. Ya ƙi cin abinci. Tun a Makka ya ƙi gahwar Abuya.”

“Wane direba?”

Rumasa'u ta sunkuyar da kai. “Mukhtaru.”

“Mukhtarun da Sa'adatu ke kawo miki saƙonsa kina zaton ina barci?” Tsohuwa ta yunƙura. “Ɗaga ni. Kai ni bakin ƙofa.”

Ta zaunar da ita a bakin ƙofa, ta tallafe ta ta baya. Sitti ta ƙanƙance ido ta dubi wanda ke kwance.

“Ɗan ina ne?”

“Katsina.”

“Hashimu, in ka ba shi abu ya ce me?”

“Alhamdulillahi! Kullum alhamdulillahi!”

“In zai gaishe ka, a tsaye ko a durƙushe?”

“A durƙushe, can nesa, kamar ina wari. Ko idona bai taɓa kallo ba.”

Sai tsohuwar nan da aka ɗauko don ta yi bankwana da duniya ta fashe da dariya. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, Rumasa'u na bubbuga mata baya.

“Wayyo ni Ummulkhairi, na haifi Balarabe! Laifina ne da na bar ka ka tashi a kasuwa. Kai Hashimu, surukuta yaron nan yake yi maka!”

“Me?”

“Kunya! A garinmu, namiji ba ya ci ba ya sha a gaban uban matar da yake nema. Ko ya aure ta, ko sun yi jikoki. Ubanka har ya bar Katsina, mahaifina bai taɓa ganin ya kai loma baki ba. In sun haɗu a hanya, ubanka daji yake shiga. Wannan da kake cewa raini, babu girman da ya fi shi a can. Tun ranar gahwa yake ce maka kai ubansa ne, kai kuma kana kumbura.”

Hashimu ya tsaya da kofi a hannu, baki a buɗe.

Sitti ta juya ga Mukhtaru. “Kai kuma sakarai, kunyar ce za ta tuƙa mu Madina? Wane malami ya ce maka a kashe kai don suruki? Da uwarka na raye da ta ja kunnenka.”

“To ya sha,” in ji Hashimu da sauri. “Na yafe masa. Ya sha.”

“Ba a yafe wannan, ba bashinka ba ne. Hanya biyu ce.” Ta ɗaga yatsa. “Ko ka dube shi ka ce masa kai ba surukinsa ba ne, ba kuma za ka zama ba har abada. Shi ke nan ka sauke masa, ya sha a gabanka kamar kowane direban haya. Ko kuwa ka ba shi wuri ya sha. In ka ba shi wuri kuma, ka san abin da ka amsa.”

Iska mai zafi ta kaɗa labule.

Rumasa'u ta jingine Sitti jikin ƙofa ta sauko, ƙafafunta na ƙuna a kan dutse, amma ba ta ɗaga su ba. Ko ta wace hanya Mukhtaru zai sha, ta gode wa Allah da wannan. Sauran kuwa kalma ɗaya ce a bakin ubanta, kuma ba ta da ikon ƙara ko rage mata harafi.

“Ammi,” Tijjani ya ce a hankali, “ai magana ɗaya ce. Ka faɗa kawai mu tafi.”

Hashimu bai kula shi ba. Ya dubi yaron da ke kwance, wanda ko a wannan halin idonsa na ƙasa. Ya dubi 'yarsa. Ya ga ƙafafunta ba takalmi, ya ga fuskarta ba mayafi, ita da ko ƙofar gida ba ta leƙawa haka. Ya daɗe yana kallonta.

Sai ya miƙa mata kofin.

“Riƙe da kyau, kada ki zubar.”

Ya kamo hannun rigar Tijjani. “Taso, ya walad. Mu je mu ga wancan dutsen.”

“Wane dutse, Ammi? Duk duwatsu ne!”

“Wancan. Taso na ce.”

Haka Hashimu mai turare, da tumbinsa da siririn takalminsa na zaman shago, ya kama hanya cikin baƙaƙen duwatsu da tsakar rana yana jan Tijjani. Suka yi nisa, ya tsaya, ya juya wa mota baya, ya harɗe hannu kamar mai kallon wani abin mamaki.

Mukhtaru ya ɗan kalli Sitti.

“Ni kaka ce, angona,” ta ce. “A gabana ko kwano ka lashe. Sha.”

Rumasa'u ta durƙusa ta kai kofin bakinsa. Ya kurɓa, ya tsaya, ya sake kurɓa. Tana jin saukar ruwan a maƙogwaronsa kamar a nata.

“A hankali, Baƙo.”

“Ruma,” ya ce da ya sami murya, “da gaske ba ki sani ba?”

“Ina zan sani? Ni 'yar Makka ce. Na ɗauka girkina ne bai yi maka ba.”

“Girkinki? Ina jin ƙamshinsa ina tuƙi, hanya na rabuwa biyu a idona.”

“To me ya hana ka faɗa?”

“In ce wa mutumin da ya kore ni shi surukina ne? Da wane bakin?”

Ta yi dariya tana kuka. “Kai dai ba ka da wayo.”

“Ba ni da shi. Ƙara mini.”

Daga can nesa muryar Hashimu ta taso, bai juyo ba.

“Ya bint! Ya sha?”

“Yana sha, Abuya!”

“Ki ba shi dabino! Akwai sauran shinkafa, ki ba shi!” Ya ɗaga ƙafa ɗaya daga kan dutse. “Amma ki ce ya yi sauri, ƙafata na gasuwa!”

Sai da rana ta yi sanyi Mukhtaru ya iya riƙe sitiyari. Daga nan har suka fita harra, duk lokacin rabon ruwa Hashimu sai ya tuna akwai abin da yake son dubawa a bayan mota. Tijjani ya yi fushi na yini guda, da aka sauke tukunya ya huce.

Da suka hango dabinan Madina, Sitti ta sa aka ɗaga labule, ta yi ta salati tana hawaye. Aka ɗauke ta a kujera ta yi ziyararta. Kuma abin mamaki, tsohuwar da ta ce ba za ta ga sanyi ba, sai ga ta tana neman a dama mata fura, tana faɗan an cika ruwa.

“Ba zan koma Makka ba sai na ga an shafa fatiha,” ta ce wa ɗanta. “Na san ka, in ka koma shago za ka fara tunani.”

A gidan wani ɗan uwansu da ke Madina aka ɗaura auren, ranar Juma'a bayan an sauko. Da aka tambayi waliyyin ango aka ga babu kowa, sai wani dattijo Bakatsine mai sayar da tasbaha ya miƙe ya ce shi ne ubansa daga yau. Tijjani ne ya raba dabino, kuma an shaida wasu sun kai hannun mutane. Matan Hausawan unguwar suka yi wa amarya lalle, suka yi guɗa har maƙwabta Larabawa suka leƙo.

Hashimu da Sitti suka ce za su zauna a Madina sai zafi ya karye. Ango da amarya kuwa aka ce su je su sha iska. Mukhtaru ya ce zai kai ta arewa, wajen Khaibar, inda dabino ke nuna a tsakiyar baƙin dutse, ta ci na farko daga kan itace.

Da safe aka rako su. Rumasa'u ta zagaya za ta shiga baya, Mukhtaru ya buɗe mata ƙofar gaba.

“Nan ne wurinki, uwargida.”

Sitti ta kama hannayensu biyu ta haɗa. “Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya ba ku 'ya'ya masu jin Hausa da Larabci, don kada a sake irin wannan wauta. Allah ya sa ku tsufa tare har ku gaji da ganin juna, ku kuma kasa rabuwa.”

Aka ce amin. Hashimu ya matso jikin tagar, ya dafa kan 'yarsa. Mukhtaru ya sunkuyar da kai kan sitiyari.

“Ki gaya wa mijinki,” in ji Hashimu da Hausarsa mai nauyi, “na ba shi amana. Allah ya yi muku albarka, ya kai ku lafiya, ya dawo mini da ku lafiya.”

“Ya ji, Abuya.”

“Na san ya ji. Ku tafi, kafin in fasa.”

Suka tafi, Rumasa'u na ɗaga hannu ta taga har kwana ta ɓoye su. Allah ya bar su tare, ya sa albarka a zuriyarsu, mu ma ya ba mu rabonmu na alheri. Amin.